Asibitin Sha-ka-tafi na Mazaɓarmu: Daga Awon Ciki Zuwa Allurar Wata 15

Katin riga-kafin 'yata ya cika a watan Yulin 2025, ranar da aka yi mata allurar ƙyanda ta biyu, wadda ake yi wa yaro idan ya kai wata 15. Da na dawo gida na haɗa shi da katin awon cikinta, na ƙirga sa hannun da ke jikinsu, sai na ga na je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu, a nan wajen birnin Kano, fiye da sau ashirin a cikin abin da bai cika shekara biyu ba. Wadda ta zauna a kan benci ɗaya sau ashirin tana da bakin faɗin yadda bencin yake, kuma tun da mata da yawa a unguwarmu da wurin aikina suna tambayata ko su je can ko su lallaɓa su biya asibitin kuɗi, na ga ya fi kyau in ba da amsar sau ɗaya a tsanake.

Ba son raina ne ya kai ni can ba. 'Ya'yana biyu na farko a asibitin kuɗi na haife su, kuma na daɗe ina yi wa asibitin unguwa kallon wurin da ake zuwa idan an rasa yadda za a yi. Amma bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, albashina na malamar makaranta da abin da maigida ke samu a kasuwa suka daina kai mu ƙarshen wata, ga kuma ciki na uku ya samu. Da ɗari-ɗari na fara zuwa.

Ginin ɗaki biyar ne da baranda, sai bishiyar darbejiya a tsakar fili, wadda a gaskiya ita ce ɗakin jira. Ranar awo mata kan aiko yara da katinsu tun bayan sallar asuba, a jera su a bakin ƙofa a danne da dutse, domin duk wadda ta iso bayan ƙarfe takwas sai ta kai azahar ba a kira ta ba. Kafin a fara kira, ɗaya daga cikin malaman asibitin takan tsaya ta yi bayani a kan alamomin haɗari ga mai ciki, wato kumburin fuska da ƙafa, da ciwon kai mai tsanani, da zubar jini, da daina motsin jariri, wani lokaci a haɗa da waƙa da tafi. Na raina wannan waƙa da farko, har sai da na ji wata maƙwabciyata da ba ta yi karatun boko ba ta lissafa wa ƙanwarta alamomin nan tsaf ba ta tsallake ko ɗaya ba. A kowane zuwa ana auna jini da nauyi da tsawon ciki, ana gwada fitsari idan akwai kayan gwajin, ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini, sannan a sa mace ta haɗiye ƙwayoyi uku na riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a gabansu, ba a yarda ta tafi da su gida ba. An ba ni gidan sauro sau ɗaya. Babu na'urar hoton ciki, sai dai a rubuta wa mace takarda ta je ta biya a waje.

Abin da suke da shi maimakon na'urar shi ne ungozomar asibitin, wadda kowa ke kira Anti, da wani ɗan mazurari na ƙarfe da take kifawa a kan ciki ta kanga kunnenta. Takan ɗaga hannu ɗaya sama, sai ɗakin ya yi tsit har da masu leƙe ta taga, idonta a kan agogon hannunta tana ƙirga bugun zuciyar jaririn, sannan ta ɗago ta ce, "Maman Abba, mutumin naki yana nan garau." A asibitin kuɗin da na saba zuwa ban taɓa samun wanda ya riƙe sunan ɗana ba.

Sai dai Anti ita kaɗai ce ungozoma a asibitin. Akwai ma'aikatan lafiya biyu masu albashi, ragowar kuwa 'yan mata ne da suka gama makarantar koyon aikin lafiya, suke zuwa aikin sa kai da fatan wata rana za a ɗauke su. Ban fahimci ma'anar wannan ba sai daren da naƙuda ta kama ni, a watan Afrilun 2024, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura. Mun isa wajen ƙarfe biyu na dare muka tarar da yarinya ɗaya mai aikin sa kai tana tsaron wurin, babu wutar lantarki, kuma batirin solar da ke akwai na firjin alluran riga-kafi ne, ba a taɓa shi. Da fitilar waya ta duba ni, ta kira Anti, wadda mijinta ya kawo ta a babur bayan kusan rabin awa, alhali tun safe take aiki. Safar hannu, da reza, da audugar mata, da ledar shimfiɗa, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta duk a jakata na zo da su, kamar yadda aka rubuta mana tun a wurin awo, ruwan da aka yi amfani da shi kuma na ɗan garuwa ne da aka saya tun yamma. Na sauka lafiya kafin kiran sallar farko, kuma ba ni da abin da zan ce a kan hannun Anti sai addu'a. Amma ina kwance aka shigo da wata yarinya mai cikin fari tana jijjiga, aka yi mata abin da za a iya, aka ce a garzaya da ita babban asibiti, kuma tun da babu motar ɗaukar marasa lafiya, mijinta ne ya fita titi yana neman adaidaita sahu a wannan tsakar dare. Har yau idan na ji ana sanar da cewa za a yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, kamar yadda ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar a watan Nuwamban 2024, nakan yi murna, sannan in tuna cewa sai mace ta isa babban asibitin tukuna.

Kashegari uwar mijina ta zo ɗaukarmu da shirinta na gasa cibiya da tsumma mai zafi da ba jaririya ruwa. Anti ba ta yi mata faɗa ba. Ta rusuna ta gaishe ta, ta miƙa mata ɗan maganin shafawa a cibiya, ta ce, "Hajiya, ke zan damƙa wa wannan, don na san a hannunki ba za a yi wasa da shi ba. Ruwa kuma don Allah a bar shi sai ta yi wata 6, nonon uwa akwai ruwa a cikinsa." Hajiya ta ce, "A wannan zafin, 'yar nan? Ko kaza ba a hana ta ruwa." Anti ta yi dariya ta ce uwar za a ɗura wa ruwan, ita kuma ta shayar. Da yake an ba ta girmanta, Hajiya ce ta koma mai tsaron wannan doka a gidanmu. Irin wannan aiki ba ya fitowa a takardar kasafin kuɗi, amma albashin mai yin sa a can yake fitowa.

Sashen da ba ni da ƙorafi a kansa ko kaɗan shi ne riga-kafi. An yi wa 'yata allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna a makon haihuwa, sannan a mako na 6 da na 10 da na 14 aka yi mata allurar nan mai haɗe da magani biyar, wadda ke kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da sauransu, sai ta ƙyanda da ta shawara a wata na 9. An ɗiga mata na gudawa, wanda yayyenta ba su samu ba saboda sai a 2022 aka shigar da shi tsarin riga-kafin ƙasa. Ko sau ɗaya ba a ce mini allura ta ƙare ba, ko sau ɗaya ba a karɓi sisina ba, kuma da na makara da mako guda saboda rasuwa da aka yi mana, sai da aka kira lambar maigida aka tambayi dalili. Duk wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023, akasari a tsakanin yaran da ba a yi musu wannan allura ba, ya san darajar wannan kira. A nan jihar ce aka dakatar da riga-kafin shan inna a 2003 saboda zargi, aka dawo da shi a 2004, kuma sai a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Yanzu mata ne da kansu ke yin layi da jarirai a goye. Haka ma maganin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, bai taɓa tsallake ƙofarmu ba.

Da yarinyar ta yi zazzaɓi kuwa, labarin ya sha bamban. An yi mata gwajin jini a yatsa, aka tabbatar da zazzaɓin cizon sauro ne, aka rubuta mini magani a takarda aka ce in duba kemis, saboda na asibitin ya ƙare tun makon jiya. Ni ina da abin saya. Matar da ke bayana ta naɗe tata takardar ta cusa a gefen zani, na kuma san ba kemis ta nufa ba. Ranar awon yara ana zagaya damtsen kowane yaro da wani siririn ma'auni mai launi uku, kore da rawaya da ja, kuma duk wanda damtsensa bai kai santimita 11.5 ba ya faɗa ja, wato tamowa mai tsanani. Na ga an auna ɗan wata mai sayar da awara a layinmu ya faɗa ja, aka rubuta sunansa, aka ce abincin nan na musamman da ake haɗawa da gyaɗa da madara bai zo ba wannan watan, a dawo a duba. Abin da suka iya yi mata shi ne koya mata haɗa kunun gero da waken suya da gyaɗa, alhali tsadar waɗannan kayan ce ta kai yaron ga wannan hali tun farko. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara 5, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya kai 187, sannan fiye da rabin yaran wannan shiyya sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Wanda aka sake yi a 2023 zuwa 2024 ya nuna a ƙasa baki ɗaya mace-macen sun ragu zuwa 110, amma tsumburewar ta ƙaru zuwa kashi 40 cikin 100. Ɗan mai awara yana cikin wannan lissafi.

Na daɗe ina tunanin yadda gini ɗaya, da ma'aikata ɗaya, zai zama abin yabo ranar Talata idan an je riga-kafi, kuma abin takaici ranar Alhamis idan an je neman magani, sai na lura cewa bambancin ba daga halin ma'aikatan yake ba, daga hanyar da kuɗin ke bi yake. Allurar riga-kafi tana da asusun da aka san shi, da firjinta, da motar da ke kawo ta, da wanda za a tuhuma idan ba ta iso ba, kuma gwamnatin tarayya da ƙungiyoyi irin su Gavi da UNICEF ne suka tsaya mata. Ruwa da wuta da magani da ungozomar dare kuwa sun dogara ne ga kuɗin da wani lokaci ya zo, wani lokaci a ji shiru. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman domin asibitocin matakin farko, wanda ake kira BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi, naira biliyan 55 da 'yan kai. An tsara cewa asibiti ɗaya a kowace mazaɓa zai riƙa samun kasonsa kai tsaye, kuma na shekaru da dama wannan kaso bai wuce kimanin naira 300,000 a kowane wata uku ba. Idan aka raba, bai kai naira 3,500 a rana ba, wato kusan kuɗin galan ɗaya na fetur a farashin 2025, a ce da shi za a sayi ruwa, a gyara famfo, a cike gurbin magani, a kuma ɗan sallami masu aikin sa kai. An sanar da ƙara kason daga baya, abin a yaba ne, amma kashi 1 ɗin da aka yanka tun 2014 ya yi wa yawan haihuwarmu kaɗan, kuma ina goyon bayan masu neman a mayar da shi aƙalla kashi 2.

A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba. Wasu jihohi, har da tamu, sun kai shi a takarda a 'yan shekarun nan, sai dai warewa daban, saki daban. 'Yar'uwata da ke aure a Maraɗi ta ba ni labarin irin wannan: tun 2006 Nijar ta ce duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, mata suka yi tururuwa, amma da gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin da suka kashe, bashi ya taru, sai kyautar ta koma takardar zuwa sayen magani a waje. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, sashen da na yaba ma ba duka da kuɗinmu yake tafiya ba. An tsara tallafin Gavi ga Nijeriya zai kai 2028 ne, Amurka kuma ta zabtare tallafin da take bayarwa ƙasashen waje tun farkon 2025. Idan ba a fara sa cikakken kuɗin alluran nan a kasafinmu ana kuma sakin sa a kan lokaci ba, ranar Talata ma za ta koma kamar ranar Alhamis.

Akwai kuma abin da asibitin ke umarta wanda doka ba ta ba uwa damar yi ba. An ce in shayar da nono zalla wata 6, amma dokar ƙwadago mako 12 kawai ta ba mace hutun haihuwa, shi ma rabin albashi ne mafi ƙarancin abin da ta wajabta. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16, mazansu kuma kwana 14, jihohin Legas da Kaduna sun ba ma'aikatansu mata wata 6. Ni da ke koyarwa a makarantar kuɗi na koma aji yarinyar ba ta cika wata 3 ba, ina tatsar nono a ɗakin malamai bayan na kulle ƙofa, babu ɗakin raino a makarantar, babu a kusa da ita. Ba abin mamaki ba ne da har yanzu jariran da ake shayarwa nono zalla a ƙasar nan ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Mai awara kuwa, wadda ba ta da wanda zai ba ta hutu, kwana arba'in ma ba ta cika ba ta koma bakin kasko.

Yanzu da katin ya cika, babu wata hukuma da za ta sake neman 'yata da sunanta sai ta isa shiga rabin aji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin farko, amma kashi 5 cikin 100 kawai na tallafin da jihohi ke karɓa aka keɓe wa azuzuwan ƙananan yara, kuma jihohi da dama kan bar kasonsu a ajiye saboda ba su kawo nasu rabin ba. Na leƙa rabin ajin firamaren unguwarmu, na tarar da yara sun haura tamanin a zaune a ƙasa, malama ɗaya, babu abin wasa ko ɗaya, babu banɗakin da ƙaramin yaro zai iya shiga. A matsayina na malama na san yaron da ya zo aji ɗaya a tsumbure, bai taɓa riƙe fensir ba, da wuya ya kamo sa'o'insa ko a aji shida.

Ga masu tambayata, amsata ita ce su je. Awo da riga-kafi a wannan asibiti sun fi abin da na biya kuɗi na samu a baya, kuma mai cikin da ba ta da wata matsala za ta iya haihuwa a can, muddin ta haɗa kayan haihuwarta tun wata na bakwai, ta riƙe lambar ungozoma da ta wani mai adaidaita sahu da zai ɗaga waya da dare, ta kuma sa fitila mai caji a jaka. Wadda aka ce jininta ya hau, ko aka taɓa yi mata tiyata, ko take ɗauke da tagwaye, ta nemi takardar turawa zuwa babban asibiti tun kafin naƙuda. Akwai kuma kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda shugabansa ke sa hannu tare da shugaban asibiti kafin a fitar da kuɗin asusun BHCPF, kuma duk ɗan mazaɓa yana da ikon tambayar nawa ya shigo, yaushe, kuma me aka saya. Maigida ya halarci zamansu sau biyu, ya ce mata biyu kacal ya gani a wurin. Mun yi magana da wasu matan layinmu za mu je zama na gaba da buƙata uku a rubuce, wato a ɗauki ungozoma ta biyu saboda aikin dare, a ƙara sola a ɗakin haihuwa, a kuma liƙa lissafin kuɗin asusun a bangon baranda inda ake jera katin awo, sannan mu kai kwafi ga kansila da ɗan majalisar jiharmu kafin a fara zaman kasafin baɗi.

Ranar da Anti ta miƙo mini katin ta ce kada in jefar da shi, in riƙa kawo yarinyar duk bayan wata 6 a ɗiga mata sinadarin bitamin A a kuma auna damtsenta har ta shekara 5. Zuwanmu na gaba ya faɗo a watan Janairu, kuma na ce wa mai awara ta shirya ɗanta mu tafi tare.